Babin Jana'iza Na Risala Da Jimlar Da Muke Ratsawa Da Gudu

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure, daga Maraɗi har Damagaram, ya bi ta babin jana'iza na Risala, littafin Ibn Abi Zaid Alƙairawani wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Babi ne mai amfani ƙwarai: fuskantar da mai gargara alƙibla, laƙƙana masa kalmar shahada, wanka, likkafani, kabbarori huɗu, har addu'ar da ake yi wa jariri. Kusan duk waɗanda ke haɗa gawa a unguwanninmu a nan suka koya.

Sai dai akwai 'yar jimla guda a cikinsa da muke ratsawa da gudu. Shehin ya halatta zubar hawaye, ya nuna dauriya ta fi kyau, amma ya ɗaura ta a kan wanda zai iya. Kururuwa da ihu ne ya hana. To, mu fa sai muka riƙe hanin, muka yar da rangwamen. Mace ta rasa ɗanta, hawaye ya zubo, sai wata ta dafa ta: "Haba baiwar Allah, ki yi shiru, azaba kike ƙara masa." Ina muka samo wannan? Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya gaya masa rahama ce. Hadisin azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa kuwa, malamai da yawa sun ɗauke shi a kan wanda ya yi wasiyya a yi masa kururuwa, Nana A'isha ma ta ja ayar da ke nuna wani rai ba ya ɗaukar laifin wani.

Inda Risala ta gajarta shi ne bayan an dawo daga maƙabarta. Ba laifin marubucin ba ne, don yara ya taƙaita ta. Amma malamin da ya rufe littafi a nan ya bar ɗalibai da rabin darasi. Bai gaya musu cewa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8, Annabi umarni ya bayar a dafa wa iyalinsa abinci ba. Mu kuwa gidan rasuwa ne ke hayar rumfa da kujeru, ya ci bashin buhun shinkafa don ciyar da masu zaman makoki. (Gardamar sadakar uku da ta arba'in ba ita muka zo yi ba, kowa da malaminsa.)

Buhari ya kawo wani abu da ya kamata a riƙa haɗawa da babin nan. In an yi rasuwa a dangin Nana A'isha, sai ta bari mata su watse, saura na jiki kawai, sannan ta sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, don yana rage baƙin ciki. Ku lura da lokacin: bayan taro ya watse. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, ƙafarmu kuwa kafin kwana bakwai ta ɗauke. Muna roƙon kwamitin masallaci ya rubuta sunayen masu takaba a unguwa, ɗalibai mata na Islamiyya su raba ranaku, ana leƙa su da ƙwaryar kunu har su fita.