Gwanin Da Ke Koya Wa Baƙin Sama Hausa

Bayan la'asar na tsaya a bakin wani shagon 'yan tura-tura a Ƙauyen Alu, inda ake loda wa mutane fina-finai a waya. Yara biyar sun haɗa kai a kan waya guda. A fuskarta wani jirgi ne mai kama da faifai ya sauka a tsakiyar gari, ƙofarsa ta buɗe, wata halitta mai ƙaton kai da siraran ƙafafu ta fito. Kiɗan fim ɗin na tsoro ne. Sai halittar ta buɗe baki ta yi sallama da Hausar Kano tsantsa, ta tambayi inda mai shayi yake, wai ta sha hanya. Yaran suka kece da dariya, har ƙaraminsu ya zamo daga kan benci.

Wanda ya ba su wannan dariya ba ya cikin fim ɗin, ba a kuma ganin fuskarsa. Mai fassara ne, yana zaune a wani ƙaramin ɗaki gaban kwamfuta da makirufo. A Kano sana'ar ta kafu har sunan kamfanin Algaita ya zama tambari, yaro ya miƙa wayarsa ya ce a tura masa "fassarar Algaita". Daga kasuwar waya ta Farm Centre zuwa Gyadi-Gyadi da titin Zoo Road, da wuya ka rasa shagon da ba a jiyo muryar irin waɗannan gwanaye.

Aikin ba na rago ba ne. Sai mai fassara ya kalli fim sau da yawa har ya san inda labari ya dosa, ya san wane ne jarumi, wane ne bos, wane ne ɗan rakiya. Sannan ya auna tsawon kowace magana. Idan bakin ɗan wasa ya motsa na daƙiƙa uku, to Hausar da za ta shiga wurin dole ta ƙare a daƙiƙa uku, ba daɗi ba ragi. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin muryoyi da dama: ya kumbura maƙogwaro ya zama janar, ya siranta murya ya zama matsoraci, ya shaƙe ta ya zama tsoho. Yakan raɗa wa 'yan wasa sunayen da kunnen Bahaushe zai riƙe, ya yi wa bos kirari, ya jefa karin magana daidai inda ta dace.

To, a fim ɗin baƙin sama ne gwanintar ke fitowa fili. Ɗan wasan Indiya ko na Amurka yana da leɓɓa, dole a bi motsinsu. Halittar wata duniya kuwa wani lokaci bakin ma babu, sai gurnani ko ƙara. Nan mai fassara ya samu fili fetal, kuma nan ake gane mai basira. Wanda bai ƙware ba zai cika wurin da surutu har ya kashe labarin. Gwani yana kallon yadda halittar ke karkata kai, yadda take jan ƙafa, sai ya zaɓa mata hali: wannan mai girman kai ce, waccan marowaciya, ɗayar kuma baƙauyiya ce da birni ya ruɗa. Ko sunan da zai kira su da shi sai ya yi tunani. Idan ya ce dodo, ya kai mu tatsuniya. Idan ya ce aljani, ya taɓo abin da mutane suka yi imani da shi, dariya ta gudu. Idan ya ce baƙi, ya buɗe ƙofar raha.

Masu shirya irin waɗannan fina-finai ma sun daɗe da gane cewa tsoro da dariya maƙwabta ne. A littafin H.G. Wells na 1898, The War of the Worlds, mayaƙan duniyar Mas sun gagari bindigogin Ingila, amma ƙwayoyin cuta suka gama da su. A 1996 aka fitar da Independence Day mai rugurguza birane, kuma a wannan shekarar Tim Burton ya fitar da Mars Attacks!, inda baƙin ba sa furta komai sai wani kuka kamar na agwagwa. A cikinsa har na'urar fassara aka ƙera, tana shelar cewa da zaman lafiya suka zo alhali suna harbe mutane, kuma abin da ya fasa musu kai a ƙarshe waƙar da wata tsohuwa ke saurare ce. A Indiya kuwa, Koi... Mil Gaya na 2003 ya kawo Jadoo, ɗan shuɗin baƙo mai samun ƙarfi daga hasken rana, wanda ya zama aminin Rohit, wato Hrithik Roshan.

Mu ma ba yau muka fara ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da baƙon sama ya ɗauka yawon sararin samaniya. Kafin littafi kuma akwai kaka a tsakar gida da daddare, wadda ke yin tsamin bakin Gizo, ta juya ta yi kaurin muryar Dodo, ita kaɗai ba tare da na'ura ba. Mai fassara jikanta ne. Abin da ta yi a kan tabarma shi yake yi a gaban makirufo.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da Hausa ke yi wa labarin kansa. Turawa sun shirya fim a kan mamaya, a kan abokin gaba da ba a san harshensa ba. Da zarar ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya nemi ruwan sha, ya tashi daga abin gudu ya zama baƙo, kuma mun san yadda ake yi da baƙo: a shimfiɗa masa tabarma a ji da me ya zo. Shi ya sa yaran nan na Ƙauyen Alu ba su tsorata ba. Da fim ya ƙare suka watse, ina jin ƙaramin yana kwaikwayon muryar halittar har ya sha kwanar layinsu.