Ɗan Aiken da Ba a Yi wa Bayani Ba

Ka taɓa aiken yaro kasuwa da kalma ɗaya, "sayo"? Haka wasu masu manhaja ke yi wa wakilan ƙirƙirarriyar basira. A tsarin MCP da Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, wakili ba ya ganin cikin kayan aiki. Suna, bayani da jerin abin da zai shigar kaɗai yake karantawa. Amma tsarin bai ma wajabta rubuta bayanin ba, kuma a ganina sakaci ne. In an ce "saka kwanan wata" kawai, 03/04 fa? A Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu. Ba lallai wakilin ya tambaye ka ba. Sai ya cinka, ya yanko maka tikitin jirgi na ranar da ba ita ba, da kuɗinka.