Tsarin Unguwa a Bakin Tasha: Darasin Kano

Jirgin ƙasa bai taɓa isa kwarin Gulbin Kebbi ba. A da, mutumin Zauro, ko na Argungu, in yana bukatar reluwe, sai ya nufi Gusau ko Ƙaura Namoda, inda dogo ya kai a 1929. Duk da haka ya kamata ya san yadda aka tsara garuruwan bakin tasha, gama gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa tasha a gabas da ganuwa. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin baƙi, watau akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga, ta 1917, ta ƙarfafa wannan rabo. Turawa suna bariki, aka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da sauran jama'a, wai don gudun sauro. Mutanen ƙasa kuwa suna cikin birni.

Ba a hana wa tsarin nan yabonsa. Titunan Sabon Gari miƙaƙƙu ne, an auna filaye, mota tana ratsawa, kwata kuma ba ta da wuyar haƙawa. Ciniki ya bunƙasa, har aka riƙa tara gyaɗa dala-dala tana jiran jirgi.

Amma fa aibinsa ya fi yabonsa nauyi. Wanda ya zana shi ya yi tunanin kaya, bai yi tunanin zaman mutane ba. A al'adar Hausa, falke in ya sauka gari, fatoma ne ke karɓarsa. Gida ɗaya ne masauki, shi ne ma'ajin kaya, zaurensa kuma nan ake ciniki. Ta haka baƙo ke sabawa da 'yan gari, har wata rana ya zama suruki. Fagge, tsohon zangon fatake, shaida ce. Sabon tsari ya warware wannan igiya. Baƙo ya sami unguwarsa da kasuwarsa dabam, shekaru masu yawa kuma ba ya ƙarƙashin hukuncin Sarki. Sai ya zamana ana haɗuwa wajen saye da sayarwa, ba a haɗuwa wajen suna ko jana'iza. Ba tsarin gari kaɗai ya jawo tarzomar watan Mayu 1953 ba, siyasa ce ta kunna wutar. Amma wutar ta tarar an riga an raba jama'a sansani-sansani.

To, a 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ko wace tasha unguwa za ta haifa, ko an shirya ko ba a shirya ba. Abin da ya wajaba ga masu zane shi ne su haɗa gida da kanti da masauki a layi ɗaya, su bar wa zaure wurinsa, su dasa itatuwa don inuwa, su sa kasuwa da makaranta da asibiti inda ƙafa za ta kai, ɗan gari da baƙo su yi tarayya a cikinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an riga an aza tubali, gyara sai da rusau da hawaye.