Tambayar da Isaguji ya ajiye gefe

Ɗalibin da ya fara karatun manɗiƙ a zaure ko a jami'a, galibi ta ƙofa ɗaya yake shiga falsafar Yunanawa, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙofar ita ce Isaguji na Asiruddini al-Abhari, wanda ya rasu a shekara ta 663 ta Hijira, ko kuma Sullam na Abdurrahman al-Ahdari, wanda ya nazamta shi a shekara ta 941 yana ɗan shekara 21. Kalmar isaguji ta Yunananci ce, ma'anarta gabatarwa. Asalinta sunan wani ɗan littafi ne da Furfuriyus mutumin Sur, almajirin Aflutin, ya rubuta a ƙarni na 3 na Miladiyya domin ya sauƙaƙa wa mai farawa littafin Maƙulat na Arisɗo. Abu Usman al-Dimashƙi ya mayar da shi Larabci, daga nan ya shiga hannun malaman Musulunci.

Furfuriyus ya tsara abubuwa biyar da kowane mai Sullam ya haddace: jinsi, nau'i, fasali, hassa da aral. Amma kafin ya shiga bayaninsu, sai da ya faɗa wa mai karatu cewa akwai wata mas'ala mai zurfi da zai ƙyale. Shin jinsi da nau'i, kamar dabba da mutum, suna da samuwa ta haƙiƙa, ko a zuciya kawai suke? In suna da ita, jiki ne ko ba jiki ba? Kuma a ware suke daga abubuwan da muke gani, ko a cikinsu suke? Ya ce wannan ya fi ƙarfin littafin share fage, ya wuce. A ganina wannan ɗan sakin layi shi ne mafi daraja a littafin, domin ya nuna wa ɗalibi bakin ramin kafin ya zagaya da shi. A nan ne kuwa Aflaɗon da Arisɗo suka rabu: na farko ya ba wa surori samuwa a ware, na biyu ya ce suna cikin ɗaiɗaikun abubuwa.

Al-Abhari ya ɗauki sunan, ya faɗaɗa littafin har ya tattara ta'arifi da ƙaliyya da ƙiyasi, amma gargaɗin bai biyo shi ba. Al-Ahdari ma haka. Ba na raina aikinsu. Baitocin Sullam ba su kai 150 ba, kuma da wuya a sami littafin da ya dunƙule ilimi mai yawa a wuri ƙanƙane kamarsa. Ya kuma yi adalci da ya kawo saɓanin malamai kan hukuncin karatun manɗiƙ, ya ambaci Ibnus Salahi da Nawawi cikin masu haramtawa, saɓanin da ya taɓa haɗa Suyuɗi da Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Sai dai ya nuna wa ɗalibi saɓanin da ke kan hukuncin ilimin, ya bar wanda ke cikin ilimin kansa. Yaro ya tashi yana ɗaukar kulliyyai biyar tamkar haruffan jarra a nahawu, abin da aka gama magana a kansa.

Illar wannan takan bayyana daga baya, kuma a wurin da ya fi tsada. Na sha ganin ɗalibi mai ƙwazo ya buɗe raddin da Ibnu Taimiyya ya yi wa masana manɗiƙ, ya kasa gane da wa ake faɗa. Ginshiƙin hujjar Shaihin shi ne cewa kulli a zukata yake, a waje babu sai ɗaiɗaiku. Amsa ce ga tambayar farko ta Furfuriyus. A kanta kuma ya gina wani sashe na maganarsa kan siffofin Allah: tarayya a suna, kamar ilimi ko samuwa, ba ta hukunta cewa akwai wani abu guda a waje da Mahalicci da abin halitta suka yi tarayya a cikinsa. Wanda bai taɓa jin tambayar ba, ko dai ya ɗauki raddin a matsayin zagi ga Yunanawa ya yi murna, ko ya ɗauke shi jahiltar manɗiƙ ya yi fushi. Duka biyun ba su karanta littafin ba.

Za a iya cewa manyan littattafai sun cike giɓin, kuma gaskiya ne: Shamsiyya ta Katibi ta taɓo batun samuwar kulli ɗabi'i, sharhohinta sun tsawaita. Amma nawa ne cikin ɗalibanmu suke kaiwa can? Mafi yawa a Sullam suke sauka, su tafi da zaton sun ga iyakar gari.

Gazali ya bi wata hanya da ta fi wannan. Kafin ya rubuta Tahafut, sai da ya shimfiɗa ra'ayoyin falasifa a Maƙasid, domin mai raddi ya san abin da yake rushewa. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi ƙwarai. Malamin da zai fara Sullam ya ware zama ɗaya, ya karanta wa ɗalibai gabatarwar Furfuriyus a fassararta ta Larabci, wadda Abdurrahman Badawi ya buga cikin Manɗiƙ Arisɗo, ya warware musu tambayoyin nan uku da Hausa, ya gaya musu inda za su sake gamuwa da su a ilimin kalam. Shafi ɗaya ne, ba ya cin sa'a guda.