Ƙaramin tanderu da zafin da tangaran ke buƙata

Tangaran na asali, irin wanda garin Jingdezhen na ƙasar Sin ya yi suna da shi, ba ya gasuwa sai zafi ya kai kusan digiri 1,300 a ma'aunin Salshiyas. A nan ne farar ƙasa da garin dutsen da aka cuɗa ta da shi suke haɗewa, kofi ya fito fari fat, har haske ya riƙa ratsa bakinsa. A da wannan aikin manyan tanderun itace ne. Yanzu magina da yawa a Turai da Amurka sun koma ga ƙaramin tanderun lantarki da ake ajiyewa a gareji, irin na kamfanonin Skutt da Paragon a Amurka, ko Nabertherm da Rohde a Jamus.

Abin farin ciki ne a ce mai ɗaki ɗaya ya iya gasa abin da hannunsa ya gina. Sai dai masu saye na yawan ruɗuwa da lambar zafin da aka rubuta a jikin tanderu. Wannan lamba ƙarshen ƙarfinsa ce. Wayoyin da ke ba da zafi, waɗanda ake yi da gamin ƙarfe mai suna Kanthal, suna tsufa da sauri idan ana kai su maƙura kullum. Bayan an yi gashi sau da dama sai tanderun ya fara ja da baya, kaya su fito ba su gama nuna ba.

Shi ya sa salon da ya yaɗu na gasawa a kon 6 yake da hujja. Kon wani ɗan tsini ne da ake sakawa cikin tanderu, yana lanƙwashewa idan gashi ya kai. Hermann Seger ne ya ƙirƙiro shi a Jamus a 1886. Kon 10 na kaiwa wajen digiri 1,300, kon 6 kuma wajen 1,220. Masu haɗa yumɓu sun samar da tangaran mai nuna a kon 6, kuma yana da kyau ƙwarai, ko da yake masu kishin tsohon salo suna ganin ƙyallinsa bai kai zurfin na wutar itace ba. Suna da gaskiya a wani ɓangare.

Mafita mafi dacewa ita ce tanderu mai lambar kon 10, a riƙa gashi da shi a kon 6. A kuma duba kaurin bulon jikinsa, domin mai inci uku ya fi mai biyu da rabi riƙe zafi.