Ruth Asawa da kwandon ƙwai

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa wayar ƙarfe, ko da motar waya ce ta yarinta, ya san halinta. Ka miƙe ta ta noƙe, ka matsa mata ta karye, bakinta kuma ya sha jinin yatsa. Maginiyar tukwane in ta kuskure sai ta yayyafa ruwa ta shafe. Ita waya inda ta taɓa lanƙwashewa sai ta bar tabo. Da wannan abu mai taurin kai Ruth Asawa ta yi suna, kuma ayyukanta nake so mu duba.

An haife ta a 1926 a jihar Kalifoniya ta Amurka, iyayenta manoma ne ƴan asalin Japan. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka tsare ta da danginta a sansani saboda asalinsu kawai. Bayan yaƙi ta yi karatu a Black Mountain College wajen malami Josef Albers. Sai dai dabarar da ta ɗaukaka ta a garin Toluca na Meziko ta samo ta a 1947, wurin masu saƙa kwandon ƙwai da waya.

Dabarar ba ta da wani asiri. A naɗe waya a jikin ɗan sanda ta fito zobe-zobe, sannan a riƙa sarƙa zobe cikin zobe da hannu, layi bisa layi. Wahalar tana ga yawan. Aiki guda yana cin dubban zobba, kuma in hannu ya gaji ya saki, wurin zai buɗe ido ya gani. Abin da ke fitowa ana rataye shi ne daga rufin ɗaki: ya kumbura kamar gora, ya tsuke kamar wuyanta, ya sake kumbura, wani ya fi tsayin mutum. Ni da na fara ganin hotunan, ragaya ce ta faɗo mini a rai, irin wadda iyayenmu mata ke jera ƙore a ciki.

Inda aikin ya fi ƙarfi a ganina shi ne siffa cikin siffa. Za ka ga ƙwallo cikin ƙwallo, kana hango na ciki ta ramukan na waje, kuma a wasu ayyukan saƙar da ke waje ita ce ke nutsewa ta koma ciki ba tare da ta yanke ba. Mai sassaƙa dutse ba zai iya nuna maka ciki da waje a lokaci guda ba. In aka haska fitila, inuwar da ke bango ta zama aiki na biyu. Mu masu aikin rediyo mun san darajar shirun da ke tsakanin kalmomi. A nan ma iskar da ke tsakanin zobba tana cikin lissafi.

A shekarun 1950 wasu masu sharhi sun ɗauki aikin a matsayin saƙar matan gida. Mace ce, ƴaƴanta shida, a gidanta na San Francisco take aiki yara na kai da kawo, tushen dabarar kuma kwando. Suka haɗa waɗannan suka yanke hukunci. Abin da ya burge ni, ba ta taɓa ɓoye kwandon ba don a girmama ta. Ta riƙa faɗin inda ta koya, ta ci gaba da sarƙa zobenta. Alfaharinta da aikin ke nan, kuma na fi yarda da shi bisa na mai zanen da ke jin kunyar a ce kakarsa masaƙiya ce.

Amma ba duka nake yabawa ba. Daga 1962 ta shiga wani salo na ɗaure wayoyi a tsakiya su bazu kamar rassan itace. Suna da kyau, sai dai kallo ɗaya ya isa ka gane abin da suke kwaikwayo, ba su riƙe ido kamar saƙaƙƙun. Maɓuɓɓugan ruwa da ta ƙawata San Francisco da su, har da na ƴan ruwa na dandalin Ghirardelli na 1968, su suka sa mutanen gari suka san ta, amma a wurina su ne mafi rauni, domin nauyin tagulla ya cinye sauƙin da waya ke da shi. Rashin suna ma yana wahalar da mai sharhi: yawancin ayyukan lamba kawai gare su bayan harafin S, ka rasa yadda za ka kira wanda ka fi so a gaban makirfo.

Ta rasu a 2013. A 2020 hukumar gidan waya ta Amurka ta sa hotunan ayyukanta a tambarin aika wasiƙa, kuma a wannan shekarar aka sayar da saƙarta guda a gwanjon Christie's sama da dala miliyan 5. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba.