Kiɗan Na'ura a Ƙasar Kanada: Nazari a kan Mawaƙa Masu Cin Gashin Kansu

Ƙasar Kanada, duk da faɗinta wanda babu ƙasar da ta fi ta a duniya sai Rasha, mutanenta ba su wuce miliyan 40 da 'yan kai ba, kuma galibinsu sun jeru ne a bakin iyakar Amurka, inda rediyo da faifai da sinimar maƙwabciyar tasu suke kwararo musu dare da rana. Saboda haka tun da daɗewa mas'alar da ta dami masu tunani a cikinsu ita ce, ta yaya za a ji muryar ɗan ƙasa alhali maƙwabci ya fi shi ƙarfin murya da yawan dukiya? Ɗaya daga cikin amsoshin da zamani ya bayar shi ne wani nau'in waƙa mai gajerun baitoci da sauƙin amshi, wanda kiɗansa ba daga fata ko tsirkiya yake fitowa ba, daga kwamfuta ne da na'urorin haɗa sauti, kuma masu yin sa ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin nan uku da suka mamaye kasuwar waƙa, wato Universal da Sony da Warner.

Abin da aka fi yayatawa game da waɗannan mawaƙa shi ne kaɗaitakarsu, wai mutum guda ne a ɗakin kwanansa ya zama shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne ɗan amshin kansa. Wannan gaskiya ne a zahiri; amma wanda ya yi tahkiki zai tarar da cewa kaɗaitakar nan a kan rukunai uku take tsaye, wato arhar na'ura, da arhar muhalli, da tallafin hukuma, kuma in ɗaya ya rushe, fasahar mutum komai kaifinta ba za ta riƙe ginin ba.

Rukuni na farko yana da asali mai nisa a ƙasar. A tsakanin 1945 da 1948 wani masanin kimiyya, Hugh Le Caine, ya ƙera wata na'ura a birnin Ottawa wadda ake lissafa ta cikin kakannin na'urorin haɗa sauti na yau. A 1955 kuma ya ɗauki ƙarar ɗigon ruwa ƙwaya ɗaya tak a zaren rikoda, ya yi ta gaggauta ta yana jinkirta ta, yana maimaitawa, har ta zama cikakken kiɗa mai hawa da sauka wanda ya kira Dripsody. A wancan zamani sai hukumar bincike ta gwamnati ko jami'a ce take iya mallakar irin waɗannan kaya. Da shekaru suka shuɗe, abin da yake cika ɗaki ya koma cikin kwamfutar da ɗalibi yake ratayawa a jaka, har ta kai ga Claire Boucher, wadda aka fi sani da Grimes, ta kulle kanta a ɗakinta na Montreal, ta toshe tagogi don kada ta san dare ko rana, ta yi kusan mako uku tana ɗora muryarta bisa muryarta da manhajar GarageBand wadda ake samu kyauta a kwamfutocin Apple. Abin da ya fito daga ɗakin nan shi ne kundin Visions na 2012, wanda ya ci kyautar waƙa ta Juno a shekarar da ta biyo, ya kuma zama hujjar da matasa suke kafawa cewa ba sai da ɗakin ɗaukar sauti mai tsada ba.

Sai dai masu kafa wannan hujja sukan manta da rukuni na biyu. Ba daga sama Grimes ta faɗo ba. A unguwar Mile End ta Montreal ta yi wayo a sana'a, inda tsofaffin masana'antun ɗinki suka zama kango bayan ciniki ya ƙaura, matasa suka kama su haya da kuɗi kaɗan, suna kwana a ciki suna kuma tara jama'a su yi wasa. Daga irin wannan zaure, mai suna Lab Synthèse, aka haifi ƙaramin kamfanin faifai na Arbutus a 2009, wanda ya fito da ita da wasu irin su Braids da Blue Hawaii. Mutumin da kuɗin hayarsa bai taka kara ya karya ba yana iya yin aikin rabin yini ya ba waƙa sauran lokacinsa, yana kuma da inda zai gwada sabon abu a gaban 'yan uwansa, su gyara masa kafin duniya ta ji. Haka al'amarin yake a wasu garuruwa: Hamilton, garin ƙarafa, ya fitar da Junior Boys da Jessy Lanza, Edmonton mai tsananin sanyi ta fitar da Purity Ring, waɗanda makaɗinsu Corin Roddick ya ƙera wani abu mai rassa da fitilu, in ya bugi fitila da sanda sai ta haska ta kuma ba da sauti, domin masu kallo su ga hannu yana aiki, kada su zaci mutum yana karanta wasiƙa ne a bayan kwamfuta.

Rukuni na uku shi ne wanda ya fi bambanta Kanada da maƙwabciyarta. Tun 1971 hukumar kula da watsa labarai ta wajabta wa gidajen rediyo su ware kashi 30 cikin ɗari na waƙoƙinsu ga 'yan ƙasa, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 35, aka kuma shimfiɗa sharuɗɗa huɗu na gane waƙar gida: wanda ya tsara kiɗan, da wanda ya rera, da inda aka ɗauka, da wanda ya rubuta baitocin, biyu daga ciki sun wadatar. A 1982 aka kafa gidauniyar FACTOR, wadda gidajen rediyo da gwamnati suke zuba wa kuɗi don taimaka wa mawaƙa su ɗauki faifai ko su yi rangadi, a 1985 kuma aka kafa takwararta Musicaction saboda masu waƙa da Faransanci. A ƙasar Hausa makaɗin fada yana da ubangida wanda yake ba shi doki da riga da hatsi, shi kuwa ya biya da yabo; mawaƙin Kanada ma yana da ubangida, sai dai nasa ba ya neman kirari, takardun neman tallafi yake nema a cika, da rasiɗin yadda aka kashe kuɗi.

A kan waɗannan aka ƙara kyautar Polaris a 2006, wadda 'yan jarida da masu gabatar da shirye-shirye suke zaɓen wanda ya cancance ta bisa ingancin aiki, ba tare da duban yawan ciniki ba. Jerin waɗanda suka ci ta yana nuna inda sabon jini yake fitowa. Bayan Dan Snaith, mai laƙabin Caribou, wanda yake da digirin digirgir a ilmin lissafi, ya ci a 2008, sai ga Kaytranada, haifaffen Haiti da ya tashi a gefen Montreal, a 2016. Sai Lido Pimienta 'yar asalin Kolombiya a 2017. Sai Pierre Kwenders haifaffen Kinshasa a 2022. Sai Debby Friday, wadda aka haifa a Nijeriya ta girma a Montreal, da kundinta Good Luck a 2023. Lalle 'ya'yan baƙi ne suka zo wa wannan kiɗa da zafin rawa bayan an daɗe ana saninsa da sanyi da kewa. Su ma 'yan asalin ƙasar na farko ba a bar su a baya ba, domin ƙungiyar da ake kira The Halluci Nation a yau ta haɗa gangunan taron ƙabilunsu da bugun na'ura tun daga dandalin rawa na Ottawa.

Amma adalci ya wajabta a faɗi aibi kamar yadda aka faɗi falala. Na farko, da yake na'urorin iri ɗaya ne a hannun kowa, sau da yawa sautin yakan zama iri ɗaya, kuma mai raunin baiti yakan ɓoye rauninsa a ƙarƙashin amsa-kuwwa har ba a jin abin da yake faɗa. Na biyu, kason rediyo ya fi amfanar waɗanda suka riga suka shahara, ƙananan kuwa sai rediyon jami'o'i da na gwamnati suke dogara da su, kamar yadda tallafi ma yakan fi sauƙi ga wanda ya iya cika takarda. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne har yanzu daga waje ake naɗa rawani: kamfanin 4AD na Landan ne ya kai Grimes da Purity Ring duniya, Hyperdub na Landan ya ɗauki Jessy Lanza, Sub Pop na Amurka ya fitar da Debby Friday, kuma Grimes ta ƙaura zuwa Los Angeles, Snaith yana zaune a Ingila.

Yanzu kuma rukunan da kansu suna girgiza. Kuɗin haya ya hau a Montreal da Toronto, ƙananan wuraren wasa suna rufewa, irin su Divan Orange da ya rufe a 2018 bayan doguwar rigima da ƙarar maƙwabta a kan hayaniya. Sauraro ya koma intanet, inda tun 2024 kamfanin sauraron waƙa na Spotify ba ya biyan ko anini a kan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 a shekara ba. Majalisar ƙasar ta yi doka a 2023 don jawo irin waɗannan kamfanoni na intanet cikin tsarin tallafi, hukuma ta yanke su ba da kashi 5 cikin ɗari na abin da suke samu a Kanada, su kuwa suka garzaya kotu.

Natijar wannan nazari ita ce, na'ura ta sauƙaƙa yin waƙa, amma ba ta sauƙaƙa rayuwar mawaƙi ba. Ƙungiyar Men I Trust ta lardin Quebec, wadda take fitar da faifanta da kanta tun 2014 har ta tara masoya a ƙasashe da yawa, ta nuna cewa cin gashin kai mai yiwuwa ne. Amma duk al'ummar da take son ta ga irinsu sun yawaita, wajibi ne ta tanadar wa matasanta wurin zama mai arha, da zauren da za su yi wasa, da dokar da za ta kare kasonsu a kasuwa.